Hali Zanen Dutse: Lissafin Da Masana Ke Yi Kan Dabba Mai Zafi Da Mai Sanyi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa, ko a Maigatari ne, ko Birnin Ƙonni, ko Mubi, ya san ba ƙiba da tsayin ƙaho kaɗai ake dubawa ba kafin a taya. Za ka ji dillali yana ce wa mai saye, "Alhaji, wannan bijimin ko yaro ka ba igiyarsa zai kai maka shi gida," sannan ya nuna wani da sanda daga nesa ya ce, "wancan kuwa sai da dabaibayi." Alhali kuwa mai yiwuwa daga garke guda suka fito, makiyayi guda ya yi kiwonsu, rijiya guda suka sha. Haka abin yake ga raguna, da jakuna, da raƙuma, har da kajin da ke kiwo a tsakar gida: akwai wadda da an watsa tsaba ita ce kan gaba, akwai wadda sai kowa ya watse sannan ta lallaɓo.

Makiyayi da mahauci da mai jaki ba su taɓa shakkar wannan ba. Masana kimiyyar dabbobi ne suka daɗe suna kau da kai. Shekaru da dama, idan suka auna ɗabi'ar tsuntsaye ɗari, sai su fitar da matsakaici su rubuta cewa ga yadda wannan jinsi yake, waɗanda suka kauce kuma a ɗauke su tamkar kuskuren awo. To amma sannu a hankali shaidu suka yi ta taruwa. A shekarar 1976 wata masaniya 'yar Birtaniya mai suna Felicity Huntingford ta sa ido a kan wani ɗan kifi mai ƙayoyi uku a gadon baya, wanda bai wuce tsawon yatsa ba. Ta gano cewa wanda ba ya shakkar matsawa kusa da babban kifin da ke cin su, shi ne dai wanda ya fi zafin kai wa 'yan uwansa hari idan suka shigo masa fage lokacin hayayyafa. Wato ƙarfin hali a gaban maƙiyi da masifa a cikin gida tafiyarsu ɗaya. A shekarar 2009 kuma Alison Bell da abokan aikinta a Amurka suka tattara bincike 114 da aka yi kan dabbobi iri-iri, suka iske kimanin kashi 37 cikin 100 na bambancin ɗabi'ar da ake gani, bambanci ne tsakanin wannan dabba da waccan, wanda yake sake fitowa duk lokacin da aka maimaita awo. Ke nan da Bahaushe ya ce hali zanen dutse, yana da gaskiya, ko da yake ba duka dutsen ne aka zane ba.

Tambayar da ta fi wuya

Da aka yarda akwai halin, sai wata tambaya ta taso. Kowane makiyayi ya san abin da ya bari ya hayayyafa shi ne zai cika masa garke. Idan ya riƙa sayar da masu tunkuyi yana ajiye masu sanyi, bayan 'yan shekaru garken zai yi sanyi. A daji babu makiyayi, amma yunwa da maƙiya da cuta suna yin wannan tankaɗe da rairaya: dabbar da halinta ya sa ta bar 'ya'ya da yawa, halinta ne zai yaɗu, muddin ana gadonsa. To idan ƙarfin hali ne ya fi riba, me ya sa bayan dubban zuri'o'i matsorata ba su ƙare ba? Idan kuma tsoro ne ya fi, daga ina masu kasada ke ta fitowa? A kasuwa dai hajar da ba ta ci, ba a sake saro ta.

Akwai kuma ta biyu a bayanta. Me zai hana kowace dabba ta yi wayo, ta yi zafi inda zafi ke da amfani, ta yi sanyi inda sanyi ke da amfani, in kiɗa ya sauya rawa ta sauya? Me ya ɗaure ta ga hali guda, har wani lokaci ya kai ta ga halaka?

Ba wanda zai iya zama ya jira zuri'a dubu ta tsuntsu ko ta kifi don ya ga amsa. Saboda haka wasu masana suka bi ta hanyar alƙalami. Sukan ƙera wata 'yar ƙaramar duniya ta lissafi, a takarda ko a cikin kwamfuta, su zuba mata dabbobi na ƙage, su kafa dokoki kaɗan. Alal misali, wanda ya ci da yawa zai haihu da yawa. Wanda ya fita fili zai iya gamuwa da maƙiyi. Ɗa yana gadon halin iyayensa, amma jefi-jefi akan sami ɗan sauyi. Daga nan sai su saki abin ya yi ta juyawa zuri'a bayan zuri'a, su ga wane hali ne zai rage. Kamar dai ɗan kasuwa ne da ke zama da daddare ya buga lissafin tafiya kafin ya ɗora kaya a mota: kaza kuɗin saro, kaza na mota, kaza na kwastan da duwan, in sefa ta tashi ga abin da zai faru, in ta faɗi ga abin da zai faru. Lissafin ba shi ne tafiyar ba, amma yana nuna masa wace tafiya ce za ta iya fitar da shi, wace ce kuma ba za ta taɓa fitar da shi ba.

Shaho da kurciya

Waɗanda suka buɗe wannan ƙofa su ne John Maynard Smith, Baturen Ingila wanda ya fara da aikin injiniyan jiragen sama kafin ya koma nazarin halittu, da George Price, Ba'amurke. A shekarar 1973 suka fitar da wani rubutu a mujallar Nature, inda suka aro irin lissafin da masana tattalin arziki ke yi kan gasa da ciniki, suka ɗora shi kan faɗan dabbobi. Misalin da ya fi shahara daga wannan hanya tasu shi ne na shaho da kurciya. Ba tsuntsayen gaske ake nufi ba, halaye biyu ne a cikin jinsi guda. Shaho shi ne wanda in an haɗu a kan abinci ba ya ja da baya sai ya yi nasara ko ya ji rauni. Kurciya kuwa takan yi 'yar barazana, da ta ga abin na gaske ne sai ta bar wurin.

Bari mu sa wa abin kuɗi don ya fito fili. A ce abin da ake rigima a kai darajarsa jaka 10, raunin faɗa kuma asarar jaka 20 ne. Idan kurciya biyu suka haɗu babu faɗa, yau wannan ta samu gobe waccan, kowace ta tashi da jaka 5 a matsakaici. Idan shaho ya gamu da kurciya, ya kwashe 10 ɗin duka, ita ta tafi hannu rabbana amma da lafiyarta. Idan kuwa shaho biyu suka gwabza, ɗaya ya ci 10, ɗaya ya yi asarar 20, in aka raba sai a ga kowannensu faɗuwar jaka 5 yake yi a duk karo.

Yanzu a ɗauka gari ne na kurciyoyi zalla. Shaho ɗaya da ya shigo ya sami banza, duk wanda ya gamu da shi sai ya ba shi wuri, yana cin 10 inda kowa ke cin 5. Zai hayayyafa fiye da kowa, shahuna su fara yawa. Amma da sun yi yawa sai su riƙa cin karo da juna, kuma a garin da ya cika da shahuna, kurciyar da ba ta samun komai ta fi shahon da ke faɗuwar jaka 5. Sai sikeli ya koma ya rinjaya wajen kurciya. Inda zai tsaya cak shi ne rabi da rabi, a nan kowane ɓangare yana tashi da jaka 2 da rabi, ba wanda ya fi wani. Idan aka ɗaga asarar rauni ta kai jaka 40, sai sikelin ya tsaya a shaho ɗaya cikin huɗu. Mai karatu zai iya gwadawa da kansa a bayan takardar rasit.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan, da kowa zai zama kurciya da kowa ya ci 5, ninki biyu na abin da ake samu a rabi da rabi. Sai dai wannan zaman ba ya ɗorewa, don shaho ɗaya ya isa ya rushe shi. Darajar hali, a wannan lissafi, ta dogara ne da yawan masu irinsa, kamar yadda buhun albasa ke tsada ranar da mota ɗaya ta shigo, ya faɗi warwas ranar da goma suka shigo. An ga irin wannan a zahiri. A 1981 Barnard da Sibly a Ingila sun nuna cewa a cikin garken gwara akwai masu neman abinci da kansu, akwai kuma cima-zaune masu jira wani ya gano su faɗo masa, kuma cima-zaune na cin riba ne kawai muddin ba su yi yawa ba.

To amma akwai giɓi a wannan lissafi. Ya ce rabi da rabi, bai ce ko rabin dabbobin ne za su zama shahuna har abada ba, ko kuwa kowace dabba ce za ta yi shaho yau ta yi kurciya gobe. Duka biyun sun yi daidai da alƙaluman. Ya bayyana dalilin da ya sa ake samun ɗabi'u biyu a gari, amma bai bayyana dalilin da ya sa mai hali ba ya fasa halinsa ba.

Mai jari da marar jari

Amsar da ta fi jawo magana ta fito ne a shekarar 2007, a mujallar Nature, daga Max Wolf, da Sander van Doorn, da Franz Weissing na Jami'ar Groningen a ƙasar Holan, tare da Olof Leimar na Jami'ar Stockholm a Suwidin. Sun ɗora aikinsu a kan wata ƙa'ida da Colin Clark na Kanada ya tsara a 1994, wadda ma'anarta ita ce tsare jari: wanda yake da abu mai yawa a gabansa shi ya fi kamata ya guji kasada.

Dabbobin da suka ƙera a kwamfuta shekara biyu suke rayuwa. A shekarar farko kowace tana da zaɓi. Ko ta ɓata lokaci tana bincika muhallinta sosai, ta san inda wuri mai albarka yake, abin da zai rage mata haihuwar bana amma ya ƙara mata ta baɗi. Ko kuma ta yi bincike sama-sama ta zuba ƙarfinta duka a haihuwar bana. Da aka bar lissafin ya juya, sai zuri'ar ta rabu gida biyu, 'yan bana da 'yan baɗi, kuma kowane gida ya zauna daram, domin idan masu jiran baɗi suka yi yawa wurare masu albarkar ba sa isar su. Sannan masanan suka jefa musu jarrabawa iri biyu: fita kiwo a inda maƙiyi ke yawo, da kuma rigimar shaho da kurciya da 'yan uwansu. Ba su gaya wa kowa yadda zai yi ba. Amma bayan zuri'o'i masu yawa sai ga shi 'yan bana sun zama masu ƙarfin hali a gaban maƙiyi kuma masu zafin faɗa, 'yan baɗi sun zama masu taka-tsantsan kuma masu gudun rigima. Abin da Huntingford ta gani a kifinta shekara 31 kafin nan, ya fito da kansa daga cikin alƙaluma.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san kasuwa. Attajirin da ke da shaguna da motoci a hanya ba ya bin daji da daddare don ya tsira da 'yan kuɗi kaɗan, ba ya kuma tsayawa dambe a tasha. Yaron da jarinsa bai wuce abin da ke aljihunsa ba shi ne ke yin duka biyun. Wanda ruwa ya ci, in ji masu iya magana, ko kaifin takobi aka miƙa masa sai ya kama. Tunda jarin yana tare da mai shi duk inda ya shiga, halin ma yana tare da shi duk inda ya shiga, yau da gobe, gaban maƙiyi da gaban ɗan uwa.

Ba a daɗe ba aka yi musu raddi. A cikin wannan shekara ta 2007, Richard McElreath da Andrew Sih da wasu abokansu a Amurka suka ce akwai matsala. Idan marar jari ya yi kasada ya dace, ai ya zama mai jari ke nan, kuma bisa wannan ƙa'ida dole ya koma mai taka-tsantsan. Shi kuma mai taka-tsantsan yana zaune ana cim masa. Ƙarshenta kowa ya haɗu a tsakiya, bambancin ya shafe. A ganina wannan raddi yana da nauyi, don kowa ya san wanda ya fara da kasada, da ya tara sai ya zama ya fi kowa tsoron asara. Mutanen Groningen sun amsa da cewa abin ya danganta da inda ribar kasadar ke tafiya: idan dabbar tana mai da ita 'ya'ya nan take, ba ta ajiye komai a jikinta ba, to jarinta na gobe bai ƙaru ba, halinta ma ba zai sauya ba.

A 2010 Barney Luttbeg da shi Sih ɗin suka fito da wani lissafin da ke juya maganar ta wata fuska. Suka ce wani lokaci jari shi ne garkuwa. Dabbar da ta fita ta ci ta ƙoshi ta fi girma, ta fi gudu, ta fi iya kare kanta, don haka fita ba ta da haɗari a gare ta kamar yadda take ga ramammiya. Sai ta ƙara fita, ta ƙara ƙarfi, ita kuma ramammiyar ta ƙara laɓewa. A irin wannan yanayi ɗan ƙaramin bambanci na farkon rayuwa, ko da na sa'a ne kawai, yakan yi ta faɗaɗa har ya zama hali. Ga lissafi biyu ke nan, kowanne daidai yake a kan dokokinsa, ɗaya ya ce mai jari ne matsoraci, ɗaya ya ce shi ne jarumi.

Amana da masu sa ido

Akwai wata hanya ta uku, wadda nake jin 'yan kasuwa za su fi kowa saurin ganewa. A shekarar 2009 John McNamara, masanin lissafi a Jami'ar Bristol ta Ingila, tare da Philip Stephens da Sasha Dall da Alasdair Houston, suka tsara lissafi a kan amana. Dabbobi biyu ne ke haɗuwa. Ta farko za ta yanke shawarar ko ta amince da ta biyu ko ta ƙi. Idan ta amince, ta biyu za ta iya riƙe amana kowa ya amfana, ko ta ci amana ta kwashe riba ita kaɗai. Sai suka ƙara abu ɗaya: ta farko za ta iya ɓata ɗan lokaci da ƙarfi ta binciki yadda ta biyu ta yi da wasu a baya.

Idan kowa halinsa ɗaya, binciken asara ne, don babu abin da za a gano. Amma da zarar an sami ɗan bambanci, wasu sun fi wasu riƙon amana, sai bincike ya fara biyan kuɗinsa, masu sa ido su yawaita. Da sun yawaita kuma, sai riƙon amana a kullum ya zama jari, domin mai tsabtataccen tarihi shi ake ba. A ɗaya gefen, tunda har yanzu akwai waɗanda ba sa wahalar da kansu da bincike, maha'inci ma yana da kasuwarsa a wurinsu. Sai zuri'ar ta rabu, kowane ɓangare ya tsaya a kan halinsa. Bambancin hali ya haifi masu sa ido, masu sa ido kuma suka ƙara kafe bambancin hali. Duk wanda ya taɓa ba da shanu ko buhunan wake bashi a garin da ba nasa ba, bisa maganar mai masauki ko dillalin da ya san wa ke biya wa ke gudu, ya san wannan zagaye ba sai an zana masa ba. Kada dai mai karatu ya ɗauka an samo wa maha'inci hujja. Lissafin yana bayanin yadda abu ke wanzuwa ne a cikin dabbobi, ba ya wanke kowa.

Shin dabba tana sa ido haka? Akwai wani ɗan kifi a tekuna masu ɗumi, irin Bahar Maliya da gaɓar Ostareliya, wanda sana'arsa kamar ta wanzami ce. Manyan kifaye na zuwa wurinsa su tsaya ya cire musu ƙwarin da ke manne a jikinsu. Sai dai ya fi son majinar da ke lulluɓe da fatarsu, don haka wani lokaci yakan gatsa, abokin ciniki ya zabura. Redouan Bshary da Alexandra Grutter sun nuna a 2006 cewa kifayen da ke jira suna kallo, kuma sun fi kusantar wanzamin da suka ga yana aiki da gaskiya. Bincike ya kuma nuna shi ma wanzamin yakan rage cizo idan ya ga akwai mai kallo.

Me daji ya ce?

Gani ya kori ji. Wurin da aka fi gwada waɗannan maganganu shi ne wani kurmi kusa da garin Arnhem a Holan, a kan wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai da rawayan ƙirji, wanda masana ke kira Parus major. Niels Dingemanse da abokan aikinsa sukan kama tsuntsun, ya kwana a wurinsu, da safe su sake shi cikin wani ɗaki mai bishiyoyin katako guda 5, su ƙirga tsalle da tashin da zai yi cikin minti 2 na farko, sannan su mai da shi inda suka kamo shi da zobe a ƙafa. Wasu da shigarsu sun zagaye ɗakin, wasu sai sun daɗe suna dube-dube. Tun kafin nan Piet Drent ya nuna ana gadon wannan hali, don ya haɗa masu sauri da masu sauri, masu nawa da masu nawa, cikin zuri'a 4 suka rabu sarai. An kuma lura masu saurin sun fi faɗa, sun fi manne wa hanyar da suka saba, su kuwa masu nawa sun fi saurin lura idan abu ya sauya.

Sakamakon da suka fitar a 2004 ya ba da mamaki. A shekarun 1999 da 2001, lokacin da wata bishiya da tsuntsayen ke dogaro da 'ya'yanta a lokacin sanyi ba ta yi albarka ba, mata masu sauri da maza masu nawa ne suka fi tsira. A shekarar 2000 da bishiyar ta yi 'ya'ya sosai, sai abin ya juye: maza masu sauri da mata masu nawa. Bayanin da masanan suka bayar shi ne, a shekarar yunwa matan ne ke shan wuya wajen abinci don maza sun fi su ƙarfi, sai mai zafin nema ta samu. A shekarar ƙoshi kuwa tsuntsaye da yawa ke tsallake sanyi, sai rigimar fili ta yi tsanani a tsakanin maza, mai zafi ya ƙwaci wuri. Ba halin da ya ci kasuwa shekara uku a jere. A duwatsun Alberta na Kanada ma, Denis Réale da Marco Festa-Bianchet sun iske tumakin dawa mata masu ƙarfin hali sun fi tsira a shekarun da wata dabba dangin damisa ta addabe su, a sauran shekaru kuwa ba a ga wani bambanci ba.

Ita kuwa maganar cewa mai kasada gajeren kwana gare shi, wadda lissafin tsare jari ya jingina da ita, ba ta tsaya da ƙafafunta sosai ba. Wani tattara bincike da Smith da Blumstein suka yi a 2008 ya goyi bayanta, ya ce masu ƙarfin hali sun fi haihuwa amma sun fi saurin mutuwa. Wani kuma da Maria Moiron da abokanta suka fitar a 2020 ya iske a cikin dabbobin da aka bi a daji, masu kasadar ne ma suka fi daɗewa, abin da ya fi kusa da lissafin Luttbeg da Sih. Ga dukkan alamu masu alƙalami sun yi wa masu shiga daji nisa, lissafe-lissafen da aka tsara sun fi waɗanda aka gwada yawa.

Duk da haka akwai inda abin ya riga ya taɓa aljihu. A 2008 Peter Biro da John Post sun zuba kifaye iri biyu a wasu ƙananan tabkuna na yammacin Kanada, masu saurin girma da yawan yawo, da masu jinkirin girma da laɓe-laɓe, sannan suka kafa kalli. Kalli ya kama kashi 50 cikin 100 na masu saurin girma, amma kashi 30 kacal na masu jinkiri, ba tare da la'akari da girman jikinsu ba. Dalili kuwa, kalli a tsaye yake wuri guda, sai mai yawo ne ke faɗa masa. Ma'ana, masunci yana tsince masu saurin girma yana bar wa ruwa masu jinkiri su hayayyafa, ya zama makiyayin da ke sayar da mafi kyawun shanunsa yana ajiye ramammu. Masu sana'ar banda da ɗanyen kifi ya kamata su riƙe wannan a zuci.

Shi kuwa Max Wolf, wanda ya fara da dabbobin kwamfuta a Groningen, daga baya ya koma birnin Balin na Jamus ya shiga aiki da na gaske. Akwai wani ɗan kifi a kogunan Meziko da jihar Texas ta Amurka wanda dukkansu mata ne, kuma kowace 'ya kwafin uwarta ce, babu bambancin gado ko kaɗan, kamar tagwaye masu kama ɗaya. A 2017 shi da David Bierbach da Kate Laskowski suka raba irin waɗannan 'ya'ya tun daga haihuwa, kowace a tankinta, ruwa iri ɗaya, abinci iri ɗaya, haske iri ɗaya. Da aka auna su, sai ga wata mai yawo, wata mai laɓewa, kowace da nata. A 2022 suka sake gwajin, wannan karon da kyamara a kansu tun daga ranar haihuwa. Bambancin yana nan tun ranar farko, kuma ya yi ta ƙara fitowa har tsawon makonni 10 da aka yi ana bin su.